Kafur Uku a Jarkar Kawu

Assalamu alaikum jama'ata! Ni ne dai, Bukar ɗinku, wanda ya ɓace ɓat tun zafin bana kamar wayar da aka fizge a keke. Masu cewa na yi aure a ɓoye da masu cewa an kore ni daga makaranta, duk na ga saƙonninku, Allah ya shirye ku. Ban mutu ba, amma wallahi na leƙa. Yau gidanmu murna ake yi, da hannu mai maiƙon naman rago nake danna wayar nan, in kun ga harafi ya zame ku yi haƙuri. Sai dai kafin in gaya muku murnar mece ce, sai kun fara jin yadda na kusa aika kaina lahira da hannuna, ni ɗin nan ɗalibin kimiyyar sinadarai aji uku. Don Allah ku karanta har ƙarshe, musamman masu akwatin kaya a gida.

Abin ya faro ne daga inda ba a son faɗa. Basir. Eh, na faɗa, ku yi dariyarku ku gama, ni yanzu kunya ta bar jikina. Lokacin jarrabawa ne, kullum ina kan bencin katako awa shida bakwai, abinci daga burodi sai gari da suga, ruwa kuwa ba na sha sosai don na jarkarmu a ɗakinmu na unguwar Mairi zafi yake kamar an dafa. Kafin sati biyu zama ya zame mini aiki.

Ranar wata Juma'a na je gida Old Maiduguri. Na tarar da Mama a tsakar gida ta buɗe tsohon akwatinta na ƙarfe, ita da yayata Ya Falmata, wadda lokacin take da cikin fari wata biyar. Kayan jariri suke shiryawa. Mama ta ninke zanin goyo, ta jefa ƙwallon kafur biyu, ta ɗora riguna, ta sake jefawa. Farin kafur ɗin nan da ake sa wa kaya saboda kyankyaso da asu. Mu warinsa ma ba ma ji, don shi da turaren wuta su ne ƙamshin gidanmu tun ina rarrafe.

Ƙanin Mama, Kawu Modu, yana nan shi ma. Dillalin shanu ne a Gamboru, mutumin da zai kalli tafiyar saniya daga nesa ya gaya maka abin da ta ci jiya. Ina gaishe shi ya ja ni zaure.

"Ɗan boko, tun da ka shigo da gefe ɗaya kake zama. Ka ɗauka ban gani ba?"

"Kawu, tabarmar ce da zafi."

"Tabarmar gidanku! Zo nan."

Ya kai ni motarsa, ya zaro wata ƙaramar jarka daga ƙarƙashin kujera. Jiƙo ne, ruwan ya yi ja, ga saiwoyi, ga kanumfari. A sama kuma fararen abubuwa guda uku suna yawo.

"Kawu, wannan ba na akwatin Mama ba ne?"

"Shi ne injin maganin ai. In babu shi sauran duk ruwan banza ne. Shekara ashirin ina sha, ka taɓa ganin na zauna da gefe? Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

Jama'a, na san sunan abin nan da Turanci. Na taɓa zana siffarsa a takardar jarrabawa, har maki na samu. Amma in zama ya gagare ka, ilimi tafiya hutu yake yi. Na karɓa na ce Allah ya ƙara girma.

Matsalar ita ce Ishaya, abokin ɗakina kuma ɗan ajinmu, ɗan kudancin Borno. Mutumin nan duk abin da ya gani a kwalba sai ya kurɓa. Sai na juye jiƙon a gorar ruwa, na tura ƙarƙashin gado, na ce masa rubutu ne Mama ta karɓo mini na jarrabawa. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Baaba, ni da kayan malamanku sai kallo. In ya yi aiki dai ka buɗe mini takardarka."

Kwana biyun farko lafiya lau, har ina ganin kamar an samu sauƙi. Rana ta uku na tashi kamar an yi mini duka da taɓarya. Baya yana ciwo, daga ɗaki zuwa bakin titi sai da na huta sau biyu. Na shiga bayi, abin da na gani ya sa na fito da sauri na sake komawa in tabbatar. Fitsarina ya zama baƙin shayi, irin mai kaurin nan da tsofaffi ke sha a ƙananan kofuna. Na kira Kawu ina magana ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi!" in ji shi, ina jiyo kukan shanu a bayansa. "Dattin ne yake fita. Ƙara kofi ɗaya da rana, ka wanke shi tas."

Na ƙara. Ku rubuta wannan a tarihina: na ƙara.

Rana ta biyar muna da jarrabawar aikin hannu a lab. Da safe Ishaya ya tsaya yana kallona da buroshi a baki.

"Kai, idonka fa ya zama ɗorawa."

"Karatu ne."

"Karatun wa? Ni da na fi ka karatu ga nawa fari tas."

Na dai lallaɓa na je. Ina riƙe da kwalbar gwaji, ina ƙirga ɗigo, sai na ga teburin yana matsowa. Abin da na sani bayan nan shi ne ina cikin keke, kaina a cinyar Ishaya, yana yi wa mai keken ihu ya bi ta hannun wasu.

Satin farko a asibiti, bari in yi ƙorafina tukuna. Layin kati daban, layin biya daban, layin ɗibar jini daban, kuma duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka wata taga. Ishaya ne ya yi ta zirga-zirga ni ina kwance a benci, har Mama da Ya Falmata suka iso. Gado bai samu ba sai bayan la'asar. Amma in faɗi gaskiya, da aka ga sakamakon jinina komai ya canza, kowa ya fara gudu. Wata likita 'yar siririya mai tabarau, tafiyarta kamar ana binta, ta ja fatar idona ƙasa ta ce jinina ya sauka sosai, ƙwayoyinsa ne suke farfashewa. Aka duba sikila, babu. Maleriya, babu. Ciwon hanta, babu. Sai ta ja kujera ta zauna.

"Bukar, me ka sha a satin nan? Ƙwaya, jiƙo, garin magani, komai ƙanƙantarsa."

Mama tana kaina tana yi mini fifita. Ya Falmata tana ƙafafuna. Ga nas biyu 'yan mata, ɗaya ma na santa a Mairi, muna gaisawa irin gaisuwar nan mai fata. In buɗe baki in ce me? In ce basir?

"Ban sha komai ba, Dakta. Sai fanadol."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta daɗe, ta rubuta.

Aka ce sai an ƙara mini jini. Ya Falmata ga ciki, Mama an ce nata bai kai ba. Kafin a gama shawara Ishaya ya naɗe hannun riga. Allah cikin ikonsa namu ya zo ɗaya. Da aka rataya ledar ya zauna a gefena yana shan lemo yana taƙama.

"Daga yau in ka ci jarrabawa jinina ne. In ka faɗi naka ne."

Mama ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka da Kanuri, shi kuma yana ta "amin, amin" ba ya jin ko kalma ɗaya.

Aka yi ta ɗura mini ruwa. Kwana uku na fara zama mutum, fitsari ya fara washewa, har na nemi waya. Nan ne kuma 'yan dubiya suka buɗe nasu asibitin. Kowa ya shigo da "wushe, wushe, sannu", ya kalli idona ya ce shawara ce, daga nan sai fatawa. Wata gwaggo ta ce shawara ba ta son allura, a cire mini ƙarin ruwan nan kafin a yi da-na-sani. Wata ta ce kada in kusanci mai ko nama. Wani maƙwabcinmu ya zo da rake ɗauri guda, wai in yi ta sha har idon ya wanke. Raken dai na sha, don ni ba na faɗa da kayan daɗi.

Sai ga Kawu Modu da filas. Ya miƙa wa Mama ya ce na shawara ne, na musamman, shi ya haɗa da hannunsa. Da ya juyo muka haɗa ido sai ya kanne mini ɗaya, wato sirrinmu yana nan. Mama ta tsiyaya a murfi. Tun kafin ya iso bakina na ji warin akwati.

Zan so in ce muku na ƙi sha. Ƙarya ne. Zuciyata ta ɗan yi wani iri, amma in na ce a'a sai Mama ta tambayi dalili, in ta tambaya sai zancen zaure ya fito. Kuma ai Kawu shekara ashirin yana sha. Na rufe ido na shanye. Mama ta ɓoye filas ɗin cikin kwandon abinci saboda nas-nas, safe da yamma tana ba ni, tana tofa addu'a a kai.

Sati na biyu, baƙin shayi ya dawo. Wannan karon ma ɗan kaɗan yake fita. Likitar ta zo ta ɗaga robar da ake tara shi, ta duba takarda, fuskarta ba wasa.

"Hajiya, akwai abin da yake shiga jikin yaron nan da ba mu muke ba shi ba. Jini za mu iya ƙarawa. Amma duk abin da ya fashe ƙoda ce take tace shi, kuma ta fara gajiya. In aka ci gaba a haka, maganar wankin ƙoda za mu fara."

Kun san yadda kalmar ƙoda take a garin nan. Babu unguwar da ba ta da wanda ake kai wa wanki. Mama ta zauna daɓas a kan tabarma. Ita fa ko kusa ba ta kawo filas a ranta ba, a wurinta wannan magani ne, ba ya cikin abin da ake tambaya. Ni kuwa na sani. Na juya fuska bango na yi kamar barci.

Da la'asar Ishaya ya zo daga makaranta. Ya jira Mama ta fita alwala, ya zuge jaka ya fito da gorar ƙarƙashin gado, ya dangwarar da ita a kan cikina.

"Na je share ɗaki na ji kamar an buɗe akwatin kakata. Malam, rubutun naku har da kafur ake sa wa?"

Na ture gorar gefe.

"Bukar, ni fa jinina ne a jikinka. Ina da haƙƙin tambaya."

Na gaya masa komai, tun daga benci har filas. Na ɗauka zai fashe da dariya. Bai yi ba. Ya ɗaga kwandon abinci, ya zaro filas ɗin ya jefa a jakarsa.

"Wato saboda kada wata nas ta ji kana da basir za ka ba da ƙoda biyu? Ita nas ɗin kullum me take gani a nan, furanni? Gobe da safe ka faɗa da bakinka. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa, kuma da ƙarfi zan faɗa, har gado na ƙarshe sai ya ji."

Washegari lokacin zagayen safe, kamar an shirya mini. Likitar ta zo da ɗalibai sun kai goma, kowa da farar riga da littafi. Nas ɗin Mairi tana nan. Mama tana nan tana neman filas ɗinta, Ya Falmata ta kawo kunu, Kawu ya biyo kafin ya wuce kasuwa. Ishaya ya jingina da bango ya harɗe hannu yana kallona.

"Dakta," na ce, murya kamar ta ɗan akuya, "na yi muku ƙarya. Na sha jiƙo."

"Na mene ne?"

"Na... basir."

Ban mutu ba. Abin mamaki, rufin asibiti bai faɗo ba. Wani ɗalibi ma rubutawa ya yi kawai. Dattijon gadon kusa da ni ne kaɗai ya ce, "Ayya, ɗana, ai da ka tambaye ni." Ishaya ya miƙa gora da filas. Likitar ta buɗe ta shinshina, ta kawar da kai, ta ba ɗaliban su ma kowa ya shinshina.

"An ce kimiyyar sinadarai kake karantawa ko? To gaya wa mahaifiyarka mene ne free radical. Da Hausa."

Kai! Kwas ɗin da na sha da ƙyar a aji biyu, shi ne ya biyo ni har gadon asibiti. Na dai daure.

"Mama, komai na duniya an gina shi da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani. A jikinsu akwai abin da ake ce wa elektiron, kuma bibbiyu suke son zama. To akwai waɗanda nasu ɗaya ya rasa abokin zama. Irin waɗannan ba su da natsuwa ko kaɗan, duk wanda suka gamu da shi sai su fizge nasa. Wanda aka fizge wa shi ma ya haukace, ya fizgi na gaba. Haka abin zai yi ta tafiya."

"Kamar ɓarayin waya," in ji Mama.

"Kin ma fi shi iya bayani, Hajiya," in ji likitar. Ta ce 'yan fizgen nan kullum akwai su a jikin kowa, ko numfashin da muke yi yana haifar da su, amma jajayen ƙwayoyin jini suna da masu gadi da ke kama su. Akwai wani sinadari da ke ba masu gadin ƙarfi, sunansa G6PD. Wasu mutane da kaɗan ake haifarsu, kuma tana zargin ina cikinsu. A zaman yau da kullum ɗan kaɗan ɗin yana isa, mutum zai iya tsufa bai sani ba. Amma in kafur ya shiga jiki, sai ya tara 'yan fizge rututu lokaci ɗaya. Gadi ya gaza, ƙwayar jini ta fashe. Abin da ya zube daga cikinta shi ne rawayar idon nan da baƙin fitsari.

Kawu ya gyara hula. "To ni fa, likita? Shekara ashirin!"

"Wataƙila naku masu gadin a cike suke, Alhaji. Amma ko ku, kafur ba abin sha ba ne. Na kashe ƙwari ne."

Kawu ya sake gyara hularsa. Ban taɓa ganin an ci shi a ciniki ba sai ranar.

Likitar ta ƙara da cewa abin gado ne, yawanci ta wajen uwa yake bi ya bayyana a 'ya'ya maza, kuma ba laifin kowa ba ne, kamar tsawo ne ko gajarta. Tana shirin wucewa gado na gaba Mama ta riƙe gefen rigarta.

"Likita, sai an sha? In a kaya ne fa?"

"Babba, yawanci sai ya sha. Amma jariri sabon haihuwa, warin kawai ko rigar da ta kwana a ciki ya isa."

Mama ta saki rigar. Sai ta ce, ba ta kallon kowa, "Kafin Bukar na haifi namiji. Lafiyayye, ƙato. Kwana uku ya zama rawaya har tafin ƙafa. Aka ce shawara ce, a riƙa sa shi a hantsi. Bai kai ranar suna ba."

Na san an yi wani kafin ni, amma ban taɓa jin Mama ta yi zancensa ba. Duk ɗaliban nan suka sunkuyar da kai. Likitar ta durƙusa a gabanta.

"Hajiya, ba ni da hanyar da zan ce shi ne ko ba shi ba ne. Abubuwa da yawa suna kawo shawarar jarirai, kuma wannan ya riga ya wuce wurin Ubangijinsa. Amma ga wani yana tafe." Ta nuna cikin Ya Falmata. "Ina kayansa suke?"

Ni da Ya Falmata muka kalli juna. Akwatin ƙarfe.

Mama ko kunun ba ta tsaya zuba mini ba. Ta yafa mayafi ta fita neman keke.

Daga ranar da aka daina filas, jikina ya fara dawowa shap-shap. An ƙara mini leda ɗaya, ruwa kuwa na sha har na gaji da hanyar bayi. Kullum da safe ni ne mai ɗaga roba a hasken taga kamar mai duba zinare: daga baƙin shayi ya koma ruwan tsamiya, daga nan ya koma na mutane. Ranar da likitar ta ce ƙoda ta farfaɗo, ba maganar wanki, Ishaya ya yi rawa a tsakiyar ɗakin har nas ta kore shi. Basir ɗin da ya jawo duk wannan kuwa, wani ɗan magani aka ba ni da umarnin shan ruwa da cin ganye, sati ɗaya ya kama gabansa. Abin haushi.

Kawu kwana biyu bai zo ba. Rana ta uku ya shigo da gasasshiyar hanta a takarda, ya ajiye mini a gefen gado. Haka ya yi ta yi kullum har aka sallame ni a sati na uku. Da muka je biyan kuɗin sallama aka ce wani mai babbar riga ya riga ya biya. Daga baya muka ji ɗan bijiminsa ya sayar. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Hantar ta isar da saƙo.

An ba ni kati mai jerin abin da zan guje wa: kafur, wasu magungunan maleriya, wasu na kashe ƙwayoyin cuta, da wani wake mai faɗi na ƙasashen Larabawa. Da na ji an ce wake na yi wuf na tare ta.

"Dakta, ƙosai fa?"

"Ci abinka. Ba irin waken ba ne."

Wallahi na fi murna da wannan fiye da sallamar. Ta ce duk inda za a rubuta mini magani in fara nuna katin, kuma kada in ƙara shiga kemis in ce a haɗa mini. Gwajin tabbatarwa kuma sai bayan wata uku, don a lokacin jinin Ishaya da sababbin ƙwayoyi za su rufa mini asiri, sakamako ya fito kamar lafiya lau. Na koma na yi, ya tabbata ina da shi. Kwas biyu sun wuce ni, sai baɗi. Ko a jikina.

A gida kuwa, Ya Falmata ta ce ranar da Mama ta bar asibiti, juye akwatin ta yi a tsakar gida. Ta tsince kafur ɗaya bayan ɗaya ta zuba a masai. Ta wanke kayan sau uku, ta shanya kwana huɗu a rana, wanda bai daina wari ba ta ƙi yarda da shi, har da zanin da ta goye mu da shi duka. Akwatin ma yanzu kwanuka ne a ciki.

To, ga murnar. Ranar Talatar da ta wuce Ya Falmata ta sauka, namiji. Tun a ɗakin haihuwa Mama ta miƙa wa nas katina ta ce, "Kawunsa yana da wannan, ku duba shi." Aka duba. Yana da shi. Kwana na uku idonsa ya ɗan yi rawaya, ba wanda ya yi zancen hantsi, a guje aka koma asibiti. Ya kwana biyu a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila da ɗan ƙyalle a ido kamar wani oga a bakin ruwa, aka sallamo shi fes. Likitocin sun ce ko lalle kada a shafa masa.

Yau aka yi suna. Da kun ga Mama! Kujera ta sa a ƙofar ɗakin mai jego, duk wadda ta zo da kayan barka sai ta karɓa ta kai hanci. Mai wari gefe, marar wari ciki. Ba ta bar kowa ba, har dangin miji. Gwaggon nan mai cewa shawara ba ta son allura ta zo da kwanon lalle za ta ɗiga wa yaro a tafin hannu, Mama ta ce ta kai wa 'yan mata a waje. Sai ga Kawu Modu cikin wata dakakkiyar shadda da bai sa ba tun Sallar bara, yana baza hannu zai ɗauki jariri. Mama ta shinshina kafaɗarsa.

"Modu, daga akwati ka ciro wannan."

"Haba Yaya, ni ne fa na kawo ragon!"

"Ko raƙumi ka kawo. Je ka cire."

Haka Kawu ya ɗauki yaron da 'yar shara ta aro, tawa, ta matse shi kamar buhun gero. Ishaya ya ɗauki hoto, kuma ba zan goge ba ko za a ba ni bijimi.

Saboda haka jama'a, ku leƙa akwatunan gidajenku, musamman in ana jiran haihuwa. In fitsari ya canza launi ba datti ne yake fita ba, asibiti za ku nufa. In likita ya tambaye ku me kuka sha, ku faɗa, ko da duk 'yan matan Mairi ne a tsaye a kanku. Na gode wa Dakta mai tabarau, na gode wa Ishaya mai jini, Allah ya biya ku.

Ɗazu bayan an watse na shiga in ɗauki caja, na tarar da Mama ita kaɗai da jaririn a cinya. Ta ja fatar idonsa a hankali kamar yadda ta ga likita tana yi mini, ta duba a hasken taga. Fari tas. Ta kira shi da sunan da aka raɗa masa da safe, Muhammad, sau biyu, kamar tana gwada shi a bakinta. Sannan ta ɗago ta gan ni.

"Bukar," ta ce, "wannan ya ga sunansa."